Bulala Shida a Bayan Yaya Istifanus

Yanzu a unguwar Barnawa jikata tana koyon Turanci a kwance kan kujera, waya na gyara mata kuskure cikin murya mai laushi. Mu a zamaninmu da fatar baya muka koya. Na zauna a Kamaru da Gana da Ikko, na tsinci Faransanci da Fillanci da Yarabanci a kasuwa da cikin mota, babu wanda ya taɓa ɗaga mini hannu a kansu. Turanci ne kaɗai na koya da jini.

A unguwar Kakuri muke lokacin, gidan haya mai ɗaki goma, babanmu yana aikin masaƙa. Yayana Istifanus ya girme ni da shekara huɗu, amma ya daɗe a ƙauye yana taya kakanmu noman citta, shi ya sa muka haɗu a aji ɗaya. Shi ke ɗebo ruwan gida kafin jiniyar masaƙa ta yi kuka, shi ke goya ni mu tsallake kwata idan ruwa ya cika ta. In ana langa a filin bakin layin dogo, kowa ɓangarensa yake so. A aji ne kawai harshensa ke yin nauyi.

Malaminmu na aji biyar, Malam Gyang, yana da ƙa'ida: wanda ya amsa daidai, shi zai zane duk wanda ya faɗi. Wata Litinin da damina ya rubuta look a allo, ya jera at da for da after a ƙarƙashi. Sau ɗaya ya yi bayani: look at kallo ne, look for nema, look after kuma kula da abu. Sannan ya ajiye dorina a kan tebur, ya ce a juya masa "Ina neman akuyata" zuwa Turanci. Yara uku suka faɗi. Yaya ya miƙe ya ce, "I am looking my goat." Aji ya kwashe da dariya. Da aka zo kaina ban yi tunanin komai ba, na ce "looking for", har da murmushi.

Na zane ukun farko. Da na zo kan Yaya sai na kasa, don a gidanmu ko cikin kwano ba na riga shi sa hannu. Na ɗan shafa masa dorinar a riga. Malam ya fizge ta. "Tausa na ce ka yi masa? Juyo in nuna maka yadda ake yi." Ya zuba mini biyu, rigata ta tsage, fitsari ya kuɓuce mini. Ya mayar mini da dorinar, ya ce ko in yi shida masu kyau, ko ni in sha goma sha biyu. Yaya ya dafa benci, bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Buga kawai, Bitrus." Na rufe ido na yi ta zabgawa. A ta biyar bakin dorinar ya naɗe wuyansa ya fasa masa kunne. Jini ya ɗiga a littafin wata yarinya, ta ƙwalla ƙara. Malam ya ce, "Saura ɗaya." Na cika.

Da aka tashi, yara suka biyo mu suna tafi suna cewa, "Ƙaninsa ya zane shi!" Yaya ya cafko babban cikinsu, ya buga bakinsa a ƙarfen layin dogo har haƙori ya fita. Ni bai taɓa ni ba. Washegari ya ɗebo ruwa kamar kullum, ya ninke rigar makaranta ya sa a ƙasan akwati. Baba ya dake shi da bel kwana uku a jere don ya koma makaranta, Mama ta kai shi wurin fasto, duk a banza. Ya tafi koyon walda.

Ya tsufa a kan sana'arsa a Kudenda, ya rasu bara. Mun ci abinci tare sau ba adadi, bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma na kasa. Daga Litinin ɗin nan Yaya bai sake shiga aji ba, bai kuma sake furta kalmar Turanci a gabana ba.