Ma'aunin Ma'at a Ofishin Mudir

Ɗazu mudirinmu, wato manajanmu, Bamisire, ya kore ni daga aikin sito a unguwar Mahjar, nan ƙasar da muke ci-rani. Ɗan ƙasarsu ne ya fasa wasu gilasai a siton, kowa ya gani, amma ni aka kira ofis.

A bangonsa akwai hoton Ma'at, gunkiyar gaskiya ta Misirawan dā. Na koyar da labarinta a Kano: da gashin tsuntsunta ake auna zuciyar mamaci.

Na ce, "Ustaz, ka san wannan kuwa?"

Ya ce, "Ya Hajj, mu muka koya wa duniya adalci. Amma shi wanda ya fasa yana da iƙama, takardar izinin zama, kai babu. Halas, shi ke nan. Yalla, tafi."

Ashe an sabunta ma'aunin, mu malaman tarihi ne ba a sanar ba. Ku a inda kuke, da me ake auna mutum?