Na'urar Burkusuma da Geron Kawu

Jiya ina bitar tambayoyin jarrabawar ƙwarewa kan na'urorin sadarwa, sai na ci karo da wannan: me za ka yi kafin ka canza saitin na'urar da ke nesa da kai? Na rufe kwamfuta. Kawu ya faɗo mini a rai.

A shagonsa na Sabon Birni ya koya mini aikin, shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai fidda kai ba. Kullum sai ya adana tsohon saiti, ya sa wa na'ura lokacin da za ta kashe kanta ta tashi da shi, ko da sabon ya ɓaci.

Wata azahar, shago na warin fetur da zufa, ya taɓa saitin wata na'ura da ke Burkusuma, layi ya yanke. Hankalina ya tashi, don hanyar can ba ta biyuwa a lokacin. Shi ko ya kurɓi ruwa mai ɗumi, ya jira na'urar ta tashi da tsohon saiti. Can sai layi ya dawo.

Ya ce, "Ka gani, ɗana? Ita tana da wurin komawa. Gonata ta Tsamaye shuka biyu na yi, duk sun ƙone. Gobe za ni in ga abin da ya rage."

Babu abin da ya rage. Shi ma ya rasu, bai ga damina ta gaba ba.

Na san amsar, Kawu. Allah Ya sanyaya kabarinka, Ya shayar da kai ruwan da gonarka ba ta samu ba.