Allo a Ɗakin Inna

Tun yana yaro ake kiransa Ɗan Alli, don babu bangon gidansu da bai zane ba. Ya girma ya zama malamin fiziks a jami'a, irin waɗanda ba ruwansu da na'ura, sai allo da tunani. In tambaya ta gagara, sai su yi ta sauke mata kaya: a ɗauka babu iska, a ɗauka babu zafi, har ta koma 'yar mitsitsiya mai warwaruwa, sannan a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Shi dai ya yi shekaru kan tambaya guda. Matarsa ma gajiya ta yi ta kama gabanta.

Da mahaifiyarsu, Inna, ta faɗi ta karye a ƙugu, shi ya fara cewa a kawo ta gidansa. Ƙanwarsa Auta har da hawayen murna, wai Yaya ya yi hankali.

Ranar da ta zo dubiya, zarni ne ya tare ta tun daga ƙofa. Kofunan shayi sun yi funfuna a kan taga, ƙudaje na shagali a kwanon jiya. Ga Inna kwance kan jiƙaƙƙen zanin gado, garin alli ya sauka a gashinta. An jingine ƙaton allo a ƙafar gadon, Yaya na tsaye yana zuba mata bayani. Auta ta katse shi.

"Yaya, me nake gani haka? Yaushe rabon a sauya mata shimfiɗa?"

"Ke Auta, kar ki katse ni. Ai sai ina faɗa wa wanda bai san komai ba nake gane inda na kauce. Abokan aiki gardama suke yi, ɗalibai guduwa suke. Inna kuwa ba ta tashi."

Ko kunya babu, shi a ganinsa dabara ya yi. Auta ta tattara magunguna a jaka, ta kira mijinta ya matso da mota, ta sunkuya za ta ɗaga tsohuwar. Bayan Inna duk ya fara gyambo.

Inna ta riƙe mata hannu, murya ƙasa-ƙasa.

"Bari ya kai ƙarshen layin, 'yar nan. Tun da na haife shi bai taɓa yi mini doguwar hira haka ba."