Hoton da Ya Fito Fari

Lokacin shekarata ashirin, na gama sakandare, wani asibitin kuɗi a Bolewa ya ɗauke ni aiki a ɗakin hoton ƙashi. Aikina shara da wanke fim. Ni mutum ce mai gajen haƙuri, har yau ma, ba na son a maimaita mini magana. Ogana kuwa mai maimaitawa ne. Kullum sai ya ce injin nan lamba biyu gare shi, ɗaya ta ƙarfin da hasken zai ratsa jiki, ɗaya ta yawansa, wadda ke sa hoto ya yi duhu ko ya yi fari. Ya ce jiki mai kauri sai an ƙara masa, in ba haka ba ƙashi da tsoka su haɗe, ba a ganin komai. Har takarda ya manna a bango, ya ce a auna kaurin mutum kafin a taɓa inji. Ni dai na ga ina iyawa da ido.

Wata Laraba, ranar kasuwar shanu, Oga ya tafi Damaturu ya bar ni, ya ce hannu da ƙafa kawai zan ɗauka. Da azahar aka kawo wani dattijo mai jiki, mai lodin shanu, wani sa ya matse masa ƙugu da jikin mota. Maza huɗu suka ɗora shi kan tebur da ƙyar, yana ta salati. Kafin shi wuyan hannun wata mata na ɗauka. Ban duba takardar bango ba, na ɗan murɗa lambar ƙarfin na danna. Da na wanke fim ɗin ya fito fari kamar koko, ƙugun sai inuwa. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Amma an riga an sauke shi, ga layi a waje, ga zafi. Ya ce, "'Yata, ya fito?" Na ce, "Ya fito, Baba."

Likita ya ɗaga fim ɗin a taga ya ce bai ga karaya ba, buguwa ce, ya rubuta maganin ciwo. Baba ya koma yana takawa a kai, saboda an ce masa ba komai.

Bayan wata biyu suka dawo. Oga ya auna shi, ya saita, hoto ya fito tas. Tsagewa ce a wuyan ƙashin cinya, tafiya ta goce da ita. Ya jera nawa da nasa a jikin fitila, ya tambaye ni lamba nawa na sa. Na ce ban tuna ba. Bai yi faɗa ba. Ni ma ban yi kuka ba, na ɗauki tsintsiya na share ɗakin, washegari ban koma ba.

Yanzu ina ɗinki a Ngojin. Baba ya daina lodi, yana zama a bakin kasuwa da sanda biyu. Ban gaya masa ba, kuma ban san ko zan iya ba. Ba na jin komai in na tuna, kamar labarin wata ce.

Masu aiki da inji a jikin mutane, in an ce ku auna, ku auna. In hoto bai fito ba, ku ce bai fito ba, ko da za a zage ku. Minti goma na ƙi ɓatawa. Duk ranar da na bi ta wurin Baba sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Likita, Allah ya yi albarka." Ni kuma in ce amin.