Baba Sirajo a Kan Dusar Ƙanƙara

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran surukina, Alhaji Sirajo Maman Damagaram, a gidansa da ke Fort Washington ta jihar Maryland, yana da shekara saba'in da ɗaya. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa zai koma. Shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa Rumasa'u, bakina bai taɓa furta sunansa ba. Yau ma alƙalami ne ya yi ƙarfin hali, don haka bari in koma ga abin da na saba kiran sa.

Baba, masu sauraron rediyo sun san muryarka, shekara ashirin da shida kana karanta musu labarun duniya daga wancan tsohon ginin gidan rediyo na unguwar Southwest. Mu na nan kuwa mun fi sanin ɗakin ƙasa na gidanka, inda ka jera rigunan sanyi kamar mai kanti. Duk ɗalibin da ya sauka a filin jirgin saman Dulles cikin Janairu da 'yar shaddarsa yana rawar ɗari, kai ake kira. Ni ma a nan na samu tawa a 2008, wata koriya mai dogayen hannuwa. Ban san a gidan zan yi aure ba.

Labari ɗaya ne naka da babu wanda ya yarda da shi. Kakan ce lokacin da kake karatu a Grenoble ta Faransa ka iya siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara tun daga saman dutse har ƙasa. Abokin aikinka Malam Maitama yakan ce, "Mutumin Damagaram da ƙanƙara? Ina hoto?" Kai kuma ka ce hoton ya ɓace wajen ƙaura. Matarka, Hajiya Ɗija, takan ce ita dai ba ta gani ba. Ni ban taɓa tsoma baki ba, amma Allah Ya yafe mini, a zuci ina bayan Hajiya.

Bayan aikin zuciya da aka yi maka, ka tara mu ka ce ba ka son walimar ritaya, dutse kake so a kai ka. Likita ya amince da kyar. A Fabrairun 2023 muka tafi mu shida: kai da Hajiya, ni da Rumasa'u, da jikokinka Haidar da Humaira. Wani ɗan ƙauye ne a tsaunukan Alps, titi ɗaya, gidan burodi ɗaya, da masaukin katako da wata tsohuwa ke riƙe da shi. Hajiya ta cika rabin akwatinta da kilishi da yaji.

Tun a mota ta kafa sharaɗinta. "Sau ɗaya, Alhaji, kuma a kan ƙaramin tudun yara. In ka karye, kai za ka yi wa likita bayani."

A shagon haya aka miƙo maka katakon zamiyar, ka juya su ka ce na yara ne, naku na da sun fi ka tsayi. Ka ɗaura, ka riƙe sanduna, ka tura. Ko taku biyar ba ka yi ba ka kife. Babu wanda ya yi dariya. Rumasa'u ta damƙe hannuna, Hajiya ta fara salati. Na ga fuskarka a lokacin, na san ba ciwon faɗuwar ne ya dame ka ba. Na yunƙura zan ɗaga ka, ka ɗaga mini hannu.

"Bon," ka ce, wato "to" da Faransanci, "ƙafa ce ta manta. Bari in tuna mata."

Ka tashi da kanka, ka karkaɗe gemu, ka sake turawa. Sai ga ka kana gangarowa, ka karkata dama, ka karkata hagu, gwiwoyi a haɗe, dusar tana tashi a bayanka. Ka zo daidai gaban Hajiya ka tsaya cak, har ka watsa mata ƙanƙara a gyale. Ta dube ka, ta rangaɗa guɗa wadda duwatsun nan ba su taɓa jin irinta ba. Turawa suka tsaya suna tafi ba tare da sun san dalili ba. Jikokinka, da Hausa ke yi wa nauyi a baki, suka ruga suna ta "Kaka ya iya! Kaka ya iya!" Sharaɗin sau ɗaya kuwa, Hajiya da bakinta ta warware shi: "Koma ka sake, ban ɗauka a waya ba."

Washegari ka ce ni za ka koya wa. Ni da ban taɓa haɗa ido da kai ba, sai ga ni a gabanka ƙafafu a sama, sanda ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Kana ta cewa "dusuma-dusuma", wato a hankali, ni kuwa ina ta kifewa ina ba ka haƙuri. A faɗuwa ta bakwai dariya ta ci ƙarfinka, ka zauna a ƙanƙara kusa da ni kana share hawaye.

"Misbahu, bar ba ni haƙuri," ka ce. "A kan dutsen nan babu suruki. Kama hannuna."

Da rana tsohuwar ta kawo tukunyar narkakken cuku, wanda ka roƙe ta da Faransanci ta dafa ba tare da giya ba. Hajiya ta zazzaga yaji a ciki, tsohuwar ta riƙe baki, daga baya ta ɗanɗana ta nemi a bar mata saura. Na ɗauki burodina zan koma gefe kamar kullum, ka jawo kujera ka ce tukunyar ɗaya ce. Ranar na fara cin abinci a gabanka.

Da muka dawo, Malam Maitama ya ga bidiyon, ya zo har gida ya cire hula ya nemi gafara. Ka ce ka yafe, amma sai ya kalla sau uku. Tun daga nan kowace Asabar sai ka kira ni a Germantown, ba don wani saƙo ba, hira kawai. Na shigo gidanka ina suruki, ka bar ni ina aboki.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarka, ka sa kowa ya fita, ka ce mini, "Hajiya za ta ce ba ta buƙatar komai. Kada ka yarda." Na ce to, Baba. Ina nan a kan wannan to ɗin.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Sirajo, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da Aljanna Firdausi saboda farin cikin da ya sa a zukatan mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ɗija, da Rumasa'u da ƙannenta, da dangi na Damagaram da Yamai, da abokan aikinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Misbahu Hafiz
Germantown, Maryland