Shekarar da Barau Mahauci Ya Yi Gyara

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Batsari ya san teburin Barau, ko da don ya kauce masa ne. Shekara talatin yana fawa, bai taɓa sayar da naman da ya kwana ba, bai kuma taɓa yi wa kowa gyara ba. In ka ce, "Malam Barau, a ɗan gyara mana," sai ya dube ka daga hula har takalmi ya ce, "Saniyar gidanku na yanka?" Ga shi da hanci na bala'i. Daga rumfarsa yake jiyo naman da ya fara juyawa a teburin wani, ya kuma faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

A gida ma haka yake. Matarsa Talatu ba ta taɓa yin miyar da ya yaba ba, kullum gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Amma zai cinye tas, har ya suɗe kwano, ita kuwa ta daɗe da sanin iyakar yabonsa ke nan.

Wata ranar kasuwa bayan babbar salla, wata tsohuwa ta sayi kashi ɗaya na tumbi, sai Barau ya yanko tsoka guda ya ɗora mata yana murmushi. Tsohuwa ta tsorata, ta bar naman ta gudu. Kafin la'asar labari ya kai har ƙauyen Wagini.

Cikin wata biyu Barau ya zama bawan Allah. Ka sayi ƙashi ya ƙara maka hanta, ka gaishe shi ya ba ka kitse. Mutanen da suka shekara suna tsine masa suka rantse tun da can sun ga haske a goshinsa. Rilwanu mai shayi ya ce ai shi ya riƙa sa shi cikin addu'a, saboda haka ƙoda tasa ce kowace kasuwa. Har jariri aka raɗa wa sunansa.

Talatu kaɗai ba ta yi murna ba. Ita ke ganinsa da asuba riƙe da kai yana nishi, wani lokaci har da amai. Ita ta ga waliyyin gari ya yi sallar magariba raka'a biyu, ya sallame yana dariya. Ranar da ya ci tuwo ya ce, "Kai, miyar nan ta yi daɗi," sai ta bar abin da take yi ta zuba masa ido. Bayan kwana uku ya shigo mata da cinyar akuya da ta ruɓe, ƙudaje na biye da shi, yana cewa sabon yanka ne.

Ta yafa mayafi ta tafi wurin wansa Surajo. Ta ce, "Yaya, Malam ba shi da lafiya. Wallahi wanga mutum ba shi ba ne."

Surajo, wanda a lokacin yake sakace haƙori bayan ya ci gyaran ƙanensa, ya ce, "Ke Talatu, mi kike so da Allah? Shekara talatin kina kawo ƙarar halinshi, an shirya maki shi, kuma kin zo da kuka?"

Sai Talatu ta kira autar 'ya'yansu Fauziyya, ma'aikaciyar lafiya a Safana. Fauziyya ta hau babur ta zo, ta rufe wa ubanta ido, ta kara masa daddawa a hanci.

"Baba, mi ka ji?"

"Iska mai daɗi, ɗiyata," in ji Barau.

Washegari suka sa shi a bas sai Katsina. Bai ko yi gardama ba, mutumin da a da sai an ɗaure shi zai sha maganin mura. Aka ɗauki hoton kansa. Likita ya nuna wa Talatu wani farin dunƙule kamar lemon tsami, can gaban ƙwaƙwalwa, daidai saman hanci. Ya ce ƙari ne, ba aljani ba, ba kuma ciwon daji ba, ya daɗe yana girma a hankali. Shi ya danne jijiyar jin wari, ya danne wurin da ke riƙe da halin mutum da lissafinsa. In aka cire, akwai kyakkyawan zato. In aka bari, ido zai tafi, rai ya biyo baya.

Da gari ya ji za a buɗe kan Barau, sai ga tawaga a zaure, Rilwanu a gaba. Suka ce a ji tsoron Allah, ba a sa wa baiwa wuƙa. Talatu, wadda ba a taɓa jin muryarta a zaure ba, ta ce daga bayan ƙyaure, "Ku nama kuke so, ni mijina nake so."

Aka tura su wani babban asibiti, aka yi aikin. Kwana tara Barau na kwance kai a naɗe, ba um ba um-um, Talatu na gefen gado tana tsoron ko an cire ƙarin an bar mata baƙon. A rana ta goma ta ba shi romo a cokali. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Wa ya zuba gishirin nan? Fata ake jima?"

Talatu ta ajiye kwano ta fashe da kukan daɗi, har malamar jinya ta rugo a guje.

Yanzu Barau ya koma teburinsa. Jin wari bai dawo ba, shi ya sa ba ya yanka sai abin da zai ƙare a ranar. Gyara kuwa ta tafi ke nan. Mutanen kasuwa na cewa likitoci sun cire masa imani, uban jaririn nan ma ya koma kiran ɗansa Babangida.

Likita ya gargaɗi Talatu cewa irin wannan ƙari yakan dawo, ta kawo shi a kan lokaci, ta kuma sa ido kan halinsa. To ita ba ta da na'urar hoton kai. Duk ranar Juma'a sai ta cika wa miya gishiri da gangan, ta kai masa, ta laɓe a bakin ƙofa. Sai ta ji ya fara bala'i yana kiran sunanta, sannan ta ce alhamdu lillahi, ta je ta ci nata tuwon.