Hoton Inna Gambi a Bakin Tafki

Wata ranar Laraba ce, bayan an gama yankan gero, a ƙarshen zamanin Faransawa, ina da shekara bakwai ko takwas. Muna bakin tafkin da ke bayan unguwarmu a Gaya, mu 'yan mata, kowa na durƙushe tana dirzar tukunya da toka da yashi, sai muka ji ƙugin mota a kan turbar da shanu kaɗai ke bi. Ta tsaya a gindin giginyu. Wani dogon Anasara ya sauko da gajeren wando, gwiwoyinsa jajur, da wani baƙin akwati rataye a wuyansa. Tafinta na biye da shi, sai gardi, wato dogarin Faransawa, mai jar hula riƙe da bulala. Muka zubar da kwanuka za mu gudu, gardin ya daka mana tsawa, muka tsaya cak. Tafinta ya ce kada kowa ya ji tsoro, wannan baƙo ne na kumandan mai mulkin gari, mai ɗaukar hoto ne, rana ya zo ya ɗauka tana faɗuwa.

Tafkin nan shi ne rabin duniyarmu. Idan gulbi ya cika ya zubo masa ruwa, sai ya yi faɗi har a rasa ganin wanda ke tsaye a wancan gefe. A nan muke wanki da wanke-wanke, a nan muke tsinkar bado muna ɓare shi muna ci, mu haƙo yumɓu mu gina 'yan tukwane mu shanya a rana. Da safe aikin gida ne, shara da surfe da kai wa masu aikin fadama fura, da yamma kuwa uwayenmu kan ɗora mana muruci dafaffe mu zaga da shi, in ya ƙare mu gangara ruwa. Babana falke ne, gishirin Foga yake ƙetarawa da shi Dahome ya dawo da goro da atamfa, saboda haka yawancin kwanaki daga ni sai innata a gida, da yayana Idi da aka kama aka sa lekol, makarantar Faransawa.

Katanga ɗaya ta zana ta raba gidanmu da na Inna Gambi. Mutuniyar Tanda ce, Dandanci ta fi ji, mijinta Basarke ne mai kamun kifi. 'Yarta ɗaya tak, Bibata, sa'ata kuma ƙawata. Tare aka yi mana kitso na farko, tare muke yin gaɗa, kuma idan an zuba mana tuwo, ko a gidansu ko a namu, akushi ɗaya ne. Da yake 'yar fari ce, Inna Gambi ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce "ke yarinya", ko ta tura ni in kira mata ita. Bibata kuwa "Nya" take ce mata, wato uwa da Dandanci, tana jan kalmar tun daga ƙofar gida kamar mai waƙa. A daminar wannan shekara Bibata ta shiga tafkin nan tsinkar bado, ta taka inda ƙasa ta zurma, ruwa ya rufe ta. Ba na wurin, ina kwance da masassara. Sai washegari babanta da 'yan'uwansa suka fito da ita.

Inna Gambi ba ta yi kururuwa ba, abin da matan unguwa suka yi ta faɗa ke nan. Ta ci gaba da daka da dafuwa, tana amsa gaisuwa. Amma kullum la'asar ta yi, sai ta ɗauki 'yar ƙwarya ta tafi bakin tafki, ta zauna a kan wani kututturen giginya tana kallon ruwa har a kira magariba, sannan mijinta ya zo ya kama hannunta su koma. Ba mai yi mata magana. Innata ta ja mini kunne cewa kada in riƙa wucewa ta gabanta, domin ganina yana tayar mata da ciwo. Don haka nake zagayawa ta bayan giginyu da kwanukana.

Ita Anasaran ya gani a ranar nan. Ya yi ta kai da kawowa a bayanta, yana haɗa yatsunsa kamar taga yana leƙawa ta ciki, ya tsuguna, ya miƙe, ya koma ya kwanta rub da ciki a ƙasa. Ya sa gardi ya kore mu gefe, ya sa aka kwashe wankin da aka shanya a kan ciyawa. Wani tsoho na zaune cikin jirginsa yana gyaran koma, aka umarce shi ya tura jirgin can hagu ya tsaya, kada ya motsa. Ba ya son ranar a tsakiya, in ji tafinta, gefe yake son ta, giginya ɗaya ta jingino daga sama, ita kuma matar a ƙasa, da fili a gabanta domin a ga akwai abin da take kallo. Har ƙwaryarta ya ɗauka da hannunsa ya matsar da ita kusa da ƙafarta. Inna Gambi ba ta ko ɗaga kai ba. Da rana ta sauko ta yi ja, ruwan duk ya koma kamar an zuba masa manja, muka ji akwatin ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Anasaran ya tashi yana kaɗe ciki, fuskarsa ba daɗi. Ya tambayi wani abu, tafinta ya tambayi matan da ke wurin, suka gaya masa labarin Bibata da ƙaramar murya. Na ga lokacin da aka juya masa maganar. Na zaci zai cire hularsa, kamar yadda aka ce suna yi in an ambaci mamaci. Sai na ga idonsa ya yi haske, ya dubi wajen da muke tsaye, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya da kallo.

Washegari da azahar tafinta ya yi sallama a ƙofar gidanmu, gardi na bayansa. Babana na kan hanyar Kandi. Innata ta fito da mayafi ta tsaya daga cikin zaure.

"Yarinyar nan Rabi ake so," in ji shi. "Anasara ya ce mace zaune ita kaɗai ba labari ba ne. Hoto sai da labari. Uwa da 'ya yake so."

"To ga ni, malam," in ji innata. "Ni na haife ta. In zauna masa a kan kututturen, ya ɗauke mu."

"Ke ba ki da irin zaman da yake so. Waccan yake so."

"Don girman Allah, malam, matar nan ba ta da lafiya. Kai ma ɗan Musulmi ne, ka san abin da ya same ta."

"Na sani, shi ma ya sani. Ki ba da yarinya, ko in gaya wa kumandan gidan wane ne ya ƙi."

Babana yana ƙetare iyaka da kaya, kuma takardar wucewarsa daga hannun kumandan take fitowa. Innata ta ɗaura mini zane, ta biyo mu a baya.

Aka sake shirya komai kamar jiya. Aka komar da tsohon da jirginsa inda yake, aka kori awaki, aka share sawun ƙafafu daga kan yashi da reshe. Ni aka tsayar da ni a gaban Inna Gambi, ɗan nesa kaɗan, tsakaninta da ruwa, aka juya ni gefe domin hancina da kitsona su fito a jikin hasken. Anasaran ya zo ya ɗaga mini haɓa da yatsa, ya miƙar da hannuna ɗaya wajenta, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya sauke hannun kaɗan. Yana warin taba da wani turare. So yake ta miƙo hannu ta tarye ni, amma ita ta kau da kai, ta ƙura wa ruwa ido ta gefena kamar ba kowa a wurin. Tafinta ya yi mata magana da Hausa, ya yi da Dandanci, ba ta motsa ba. Rana kuwa tana ta sauka, Anasaran na duban ta yana buga ƙafa yana faɗa da harshensu.

Sai tafinta ya tafi wajen ƙawayena ya fito da ƙwayar sukari daga aljihu, ya tambaya yadda marigayiyar ke kiran uwarta. Wata ƙarama ta faɗa masa, har da kwaikwayon muryar. Ya dawo ya sunkuyo a kunnena.

"Ki kira ta haka. Ki ja shi yadda take ja."

Na girgiza kai. Na hango innata can bayan mutane ta toshe baki da mayafi. Gardi ya matso ya zuba mini bulala ɗaya a ƙwauri, inda ba za ta fito a hoto ba, ya koma da sauri ya fita daga gaban akwatin.

Na ce, "Nyaa."

Na san muryar Bibata kamar tawa, kuma tsoro ya sa ta fito daidai. Inna Gambi ta zabura kamar wadda aka watsa wa wuta. Ta juyo. Rana tana bayana, na tabbata ba ta ga fuskata ba, inuwar yarinya kawai ta gani ta fito daga wajen ruwa. Ta buɗe hannuwa biyu ta faɗo a gwiwa, ta ƙwala ihu da sunan da ba ta taɓa faɗa ba tun da ta haife ta, "Bibata! Bibata!" Ta rungume ni har na ji haƙarƙarina zai karye, tana shinshinar kaina, tana lalubar bayana da ƙafafuna tana cewa jikina ya yi sanyi, me ya sa na daɗe. Ta bayan kafaɗarta ina jin ƙas, ƙas, ƙas, da muryar Anasaran yana maimaita wata kalma cikin murna. Mata suka fashe da kuka. Tsohon da ke cikin jirgi ya saki sanda ya rufe fuska, aka daka masa tsawa ya koma yadda yake.

Da rana ta nutse, Anasaran ya rufe akwatinsa ya nufi mota. Aiki ya ƙare, sai a ba mai yarinya yarinyarta. Inna Gambi ta ƙi saki. Innata ta durƙusa tana roƙonta, "Gambi, Rabi ce, dube ta, Rabi ce," ita kuwa ta ƙara ƙanƙame ni tana kai cizo. Gardi ya ga ana ɓata masa lokaci, ya juya bulala ya riƙa dukan yatsunta da ƙotar har suka buɗe. Aka janye ni. Anasaran ya leƙo daga mota ya miƙo mini alewa, tafinta ya ce in yi godiya, na yi.

Daga ranar ba ta sake zuwa tafki ba, gidanmu ta koma zuwa. Ta fasa zanar da ke tsakaninmu, ta riƙa shigowa da tuwo a akushi tana kirana da sunan 'yarta, tana zagin innata cewa ta sace mata yarinya. In na fita talla ta bi ni, in na ɓuya ta zauna a ƙofa ta ƙi ci ta ƙi sha. Yaran unguwa suka gano abin, suka riƙa laɓewa a bayan katanga suna kiran "Nyaa", ta fito a guje ba mayafi suna dariya. Da babana ya dawo, ya tura ni Yelu wajen kakata har aka yi shuka. Kafin in dawo, mijinta ya mayar da ita Tanda wajen danginta. An ce a turu suka sa ta domin kada ta kamo hanyar Gaya, kuma ba ta ga wata kakar ba.

Bayan shekara biyu ko uku babana ya dawo daga Kotonu da wani ɗan kati da ya gani ana sayarwa a kantin Turawa. Muka taru a tsakar gida. Hoton ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Giginya ta jingino, jirgi na can gefe, rana ta taɓa ruwa ta shimfiɗa hanya fara har gaban wata mace da ta durƙusa ta buɗe hannu, ga yarinya tana shirin faɗawa jikinta. Idi ya karanta rubutun da ke ƙasa ya juya mana, wai "Murnar uwa da maraice a bakin ruwa". Mu biyun duk baƙaƙe ne ƙirin, kamar an yanke mu daga gawayi. Innata ta daɗe tana juya katin, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi.

Ta ce, "Ashe ko fuskar ba ta fito ba. To da ni ya zaunar, wa zai sani?"

Ta miƙa wa babana katin, ta koma kan dakanta.

Yanzu tafkin ya janye, rabinsa ya zama lambunan albasa da rake, manyan motoci na jere a kan hanyar gadar iyaka dare da rana. Jikokina kowa da waya a hannu. In maraice ya yi sukan ja ni bakin gulbi su ce, "Kaka, matsa nan, juya haka, bari rana ta ƙara sauka." Nakan tsaya musu, domin suna tambayata, kuma in na gaji suna bari. Cikin dubban hotunan da ke wayoyinsu har da na kaji da na kwanon abinci. Bibata kuwa ba ta da ko ɗaya, uwarta ma sai waccan baƙar inuwa ta jikin kati, kuma duk wanda ya san kamanninsu ya riga ni tafiya. In na rufe ido har yanzu ina ganin wushiryar Inna Gambi, lokacin da take dariya tana raba mana kifi da hannu. Wannan ba wanda ya ɗauka.